Na'urar waifai da sunan da Labbo ya bari

Anti Balaraba, don Allah ki taimake ni, abin ƙarami ne amma ya hana ni sukuni. Mijina Labbo ya rasu wata bakwai ke nan. Mai fataucin albasa ne, daga Augie yake lodi zuwa kudu, sai ya yi sati biyu ban sa shi a ido ba. Shi ya sayo mana na'urar waifai daga Birnin Kebbi, ya saita ta da hannunsa, ya sa mata suna "Labbo na gida". Cewarsa ko yana kan hanya, in na duba waya zan ga yana gida. A lokacin dariya na yi masa.

Ranakun zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi lambar sirrin waifai, aka ba shi. Wa zai hana baƙo a irin wannan rana? Yanzu rabin unguwarmu a Argungu na kanta. Ɗiyata Sumayya ta haihu a Minna, an sa wa yaron sunan kakansa, amma in ta kira ni ta bidiyo hoton tsayawa yake yi cak. Har yau ban ga yaron nan yana motsi ba.

Na so in canza lambar. Na rubuta adireshin shafin saitin a waya, wani lokaci ya ƙi buɗewa, in ya buɗe kuma ya nemi wata lamba da Labbo kaɗai ya sani. Mai gyaran waya ya ce in danna ɗan ramin da ke bayan na'urar da allura, komai zai goge. Komai, Anti, har sunan. Sau uku ina ɗaukar allurar ina ajiyewa. Kullum in na dawo daga kasuwa, tun daga bakin ƙofa wayata ke nuna min Labbo na gida. Ina kewarsa ƙwarai. Yaya zan yi?

Mai kewa, daga Argungu.

'Yar uwa, Allah ya jiƙan Malam Labbo, ya raya takwaransa.

Ajiye allurar tukuna. Rashin buɗewar shafin yawanci daga waya ne. Ki kashe datar layinki, ki tabbata waifan gidan kike kai. Ki juya na'urar, adireshin gaskiya yana kan takardar da ke manne a ƙasanta, ki kwafe shi daidai a saman burauza, wato manhajar shiga intanet. Lambar shiga saiti daban take da wadda kika ba masu gaisuwa. Gwada wadda ke kan takardar nan, maza da yawa ba sa canza ta. In ta ƙi, duba kwalin na'urar da aljihunan jakar tafiyarsa.

In duk bai yiwu ba, sai allura. Ban ga laifinki ba da kika kasa, sunan nan gaisuwa ce ya bar miki. Amma akwai jariri a Minna da ke girma kullum, kuma watannin nan ba za su dawo ba. Maƙwabta ma ba da mugunta suka zauna ba, an ba su ne ba a karɓe ba.

Kafin ki danna, ki ɗauki hoton sunan, ki kwafe shi a takarda harafi da harafi. Ki sa mai gyaran ya zauna kusa saboda saitin layin. Idan na'urar ta tashi, za ta ba ki wurin rubuta suna. Sabuwar lambar sirri ki riƙe ta ke kaɗai. Sunan kuwa kada ki bari mai gyara ya taɓa. Ki karɓi wayar ki rubuta "Labbo na gida" da hannunki, sannan ki kira Sumayya ta ɗago miki jaririn ki gan shi yana motsi.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Anti Balaraba