Inna, Zan Bar Ɗakinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma masu rai sun toshe kunne, ke kuwa ko kina fushi kikan bari in kai ƙarshen magana.

Yaya Umaru ya ce in na sake tsayawa da uban su Nasiru a bakin ruwa, in kwashe kayana daga ɗakinki. Wai sakakkiya mai magana da tsohon mijinta a idon 'yan kasuwa ta zubar da mutuncin gida.

Ga abin da ya kai ni.

Da aure ya mutu, an yi shiri: yara su zauna wurina a Yelwa lokacin karatu, hutu kuma su tafi Wara wurin ubansu. Amma ni da shi ba ko sallama, kamar yadda aka saba. Saƙo sai ta bakin yara.

Nasiru ya gane wannan kafin mu. Ni ya ce mini ubansa na kwance ba lafiya, sai ya tsaya jinya. Ubansa kuma ya ce masa an rufe makaranta, malamai duk sun koma Birnin Kebbi saboda sabuwar jiha. Zangon karatu ya wuce, yaron yana can yana jan taru da manyan masunta. Ni, malamar firamare, mai kama ƙaryar 'ya'yan mutane tun kafin su buɗe baki!

Ba mu sani ba sai da iska ta kifar da jirginsu a tsakiyar tafki. Da gashin kai aka jawo shi, Inna. Ya amayar da ruwa, ya rayu.

Ranar kasuwa na tafi inda jiragen Wara ke tsayawa. Mutumin yana sauke kwandunan banda. Na yi masa sallama, kwando ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Muka tsaya a fili, rana tsaka, muka jera ƙaryar ɗanmu ɗaya bayan ɗaya. Muka yanke: duk ranar kasuwa za mu haɗu a nan. Abin da na hana, ya hana. Abin da ya yarda, sai na ji daga bakinsa.

Ba kome nake nema ba. Mutumin da ya sake ni ina da jego, ban manta ba, ban kuma yafe duka ba. Amma uba ne.

Yaya yana cewa haramun ne. Na ce ya nuna mini a littafi. Na karanta abin da ya karanta, har da wanda ya tsallake. Gwamnati ma da ta raba mu da Sakkwato, ma'aikata sun zauna tebur guda sun raba motoci da kujeru. Ni ce ba zan tsaya in yi shawara kan 'ya'yan da na haifa ba?

Ke ma ina da magana da ke. Kin tuna bayan Baba ya sake ki? "Je ki ce wa wancan," haka kike aikena. Shi kuma ya ce, "Gaya wa uwarki." Ina ƙarama nake sassauta maganganunku a hanya, don kada in isar da zagi. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, kowannenku ya yi mini nasiha daban, a gida daban. Ban taɓa gaya miki yadda abin ya yi mini nauyi ba, don na ga naki nauyin ya fi. Kin yi abin da aka koya miki, kin kuma yi shi da haƙuri. Ban riƙe ki ba, Innata.

Na samu ɗaki bayan makaranta. Ƙarami ne, rufin yana yoyo ta gefe ɗaya. Ɗiyata Rabi ta riga ta naɗe tabarmi, tana tambaya ko za mu tafi da tukunyarki ta ruwa. Za mu tafi da ita. Ɗakinki na bar wa Yaya, ya zuba mutuncin gida a ciki ya kulle.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya yafe wa Baba. Allah ya shirya mini Nasiru da Rabi, ya tsare su a ruwa da tudu. Amin.

Jibi kasuwa, kuma zan je.

Ɗiyarki,
Balkisu