Famfon Bayan Katanga

Abbare, Jalingo
Watan Fabrairu

Ɗana Ukasha,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki a Mutum Biyu? Yaya Raliya da yara? In kun yi waya da mamarka Zulai, ka ce mata tun da ta koma Zariya ta manta da tsohuwar maƙwabciyarta.

Kai ka sa a yarjejeniyarmu cewa duk ƙorafi sai a rubuce, to ga shi na nemo gilashina. Bari in maimaita abin da na gane, kada ka ce tsohuwa ta rikice. Ka zo ka ce, "Mama, ba za ki biya ko sisi ba." Ka kafa farantan sola a rufin shagunana, ka sa batura, ka canja ƙwayayen wuta, ka cire tsoffin fankokin nan masu ƙara kamar injin niƙa. Ka ce duk abin da ya ragu a kuɗin dizal da na wuta, a raba biyu, rabi naka rabi nawa, har ka mai da kuɗin kayanka. Na ce madalla.

To, Injiniya, me za mu raba? Watannin farko janareta ya yi shiru har ƙadangaru suka tare a cikinsa. Yanzu kuwa kafin la'asar baturan sun fara kuka, sai Rufus mai gadi ya ruga ya tada janareta. Nehemiya mai kemis ya zo mini fuska a murtuke, wai alluransa za su lalace a firji. Telolin sama sun ce gara jiya da yau. Ni na gaji da ba mutane haƙuri a kan abin da ban san kansa ba. Ka zo ka duba kayanka.

Taka,
Mama Keziah

*

Mutum Biyu
Watan Fabrairu

Zuwa ga Mama Keziah,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan Mama tana cikin ƙoshin lafiya. Na zo ranar Asabar, aka ce kin tafi Sunkani gaisuwar rasuwa. Allah ya ba da haƙuri.

Na duba komai, daga rufi har ɗakin batura. Kayan lafiyarsu ƙalau, kuma masu haya ba su ƙara wani abu mai jan wuta ba. Injin bohol ne, Mama. Shi ke shanye wutar.

Lokacin da na yi lissafin ginin, famfon nan na bayan katanga da kike bar wa unguwa kyauta da safe kawai yake kawo ruwa, domin a lokacin ne ake tada janareta. Da haka na ƙiyasta shi. Ban yi tunanin cewa da zarar wuta ta wadata, ruwa ma zai riƙa zuwa yini guda ba, kuma labari zai kai ko'ina. Na zauna a gindin mangwaro ina kallo. 'Yan ga-ruwa ne da kurayensu a layi har bakin titi, suna cika jarkoki kyauta su kai wata unguwa su sayar. Tanki ba ya cika, inji ba ya hutawa.

Shawarata a taƙaita shi, ko kuma a riƙa karɓar ɗan abu kaɗan a kan kowace jarka. Amma Mama ta fi ni sanin unguwa.

Naki mai biyayya,
Ukasha Maishanu

*

Abbare
Watan Maris

Ukasha,

Ina gaisuwa. Lafiya lau muke, sai zafi da ciwon gwiwa.

Na gwada shawararka, kada ka ce ban gwada ba. Na ce 'yan ga-ruwa su daina zuwa. Washegari babu kura ko ɗaya, sai mata da ban taɓa gani ba, kowace da jarka biyu, kurayen kuwa suna jira a bayan kwana. Yaya zan gane mai ɗiba don girki da mai ɗiba don sayarwa? In leƙa tukunyarta? Kuma su ma 'yan ga-ruwan ba shanu gare su ba, abin sawa a baki suke nema.

Sai na ce to, safiya kawai, kamar da. Wayyo! Da ka ga abin da ya faru. Mutanen yini guda suka taru a lokaci ɗaya. Aka yi ture-ture, aka fasa wa wata Roseline leɓe da bokiti, Rufus ya shiga rabo aka yaga masa riga. Ya ce mini shi gadin shaguna aka ɗauke shi, ba alƙalancin ruwa ba. Da gaskiyarsa. Rijiyoyin unguwa duk sun ƙafe, haka suke yi kowace bazara, ka sani.

Maganar karɓar kuɗi kuwa, kada ka ƙara kawo mini ita. Kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna ba, amma ka tambayi mamarka, ita ta riƙe ni a ranar. Shekarar da amai da gudawa ya shigo Abbare, ruwan rafi muke sha. Murna, 'yata ta fari, da safe tana wasa a tsakar gida, kafin mu kai ta asibiti ta tafi. Mijina Tobiya bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya sayar da gonarsa ta Sunkani, ya haƙa bohol ɗin nan tun kafin a aza bulo ɗaya na shagunan, ya sa bakin famfon yana kallon waje. Ya ce muddin ginin yana tsaye, ba mai biyan kuɗin ruwa a wurin nan, Kirista ko Musulmi. Da zai rasu bai yi mini maganar haya ba, maganar famfo ya yi.

Kai injiniya ne. Ka nemo wata dabara, ka yi wa injin nasa farantan daban. Ni kaina ya ɗau zafi.

Mama Keziah

*

Mutum Biyu
Watan Maris

Mama,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki, na kira Inna, ta ba ni labarin ranar. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Farantan daban su ne maganin, gaskiyarki. Amma ba ni da hanyar sayensu yanzu, kuma akwai abin da na ɓoye miki don kunya. Kayan da ke rufinki ba nawa ba ne tukuna. Wani dila a Kano ya ba ni su a kan zan riƙa biya daga rabona, rabon kuma ya daina zuwa. Ya ce in wata mai kamawa ya wuce haka, zai turo mota a kwance kayan. Na roƙe shi har na ji nauyin kaina. Raliya ta sayar da kekenta na ɗinki, bai kai ko'ina ba.

In aka kwance, Mama, an koma dizal, kin kuma san yadda tsadarsa ta kai. Masu haya za su watse, injin bohol zai tsaya, ba na wata ɗaya ba, gaba ɗaya. In kuwa aka rufe famfon daga yanzu zuwa faɗuwar damina, abin da zai ragu zai kwantar da hankalin dilan, wataƙila har ya yarda ya ƙara mana farantan. Na ce wataƙila, domin ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba.

Yarjejeniya ta ba ni ikon rufewa. Ba zan yi ba. Hannuna ba zai sa kwaɗo a famfon Baba Tobiya ba. Na bar wa Mama, duk abin da kika yanke na karɓa. Wallahi na gaji, ko barcin kirki ba na samu.

Naki,
Ukasha

*

Abbare
Watan Afrilu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Wayo ka yi mini, ka bar wa tsohuwa aikin da ka kasa. Ban ji haushinka ba.

Na sa kwaɗon jiya, da hannuna. Yau da safe suka zo da jarkokinsu. Na fito na tsaya, na shirya jin zagi. Ba wadda ta zage ni. Suka duba kwaɗon, suka ce, "Ina kwana, Mama, yaya gwiwa?" Sai suka ɗora jarkokin a ka, suka kama hanyar rafi, yara na biye da su.

Janareta bai tashi ba yau. Ka gaya wa dilanka.

Ga makullin a cikin ambulan ɗin nan, direba zai ba ka hannu da hannu. Ka riƙe shi a can Mutum Biyu. Kada ka kawo mini ko na roƙe ka, domin zan roƙe ka.

Ka gaida Raliya.

Mama Keziah