Takalman Hambali a Bakin Kogin Shannon

Flatbush, Brooklyn
9 ga Disamba, 2023

Yaya Halima Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Kin ce har yanzu kunu kawai Inna take kurɓa, kuma ba ta son a ambaci Hambali a gabanta. Ni na san ba rasuwar autanta ce ta hana ta ci ba, abin da aka ce ya yi wa kansa ne.

Nan ma maganar ta zaga gari. Ranar Juma'a a Harlem, matan da ko a taswira ba su san inda Ireland take ba suka yi mini caa da ta'aziyya, wai haka karatun Turai yake juya kan yaro. Wata har da tambayata ko an yi masa sallah. Na dube ta, na dubi jambakinta, na ɗauki jakata na fita.

Jiya 'yan sandan Limerick suka turo mini hoton kayan Hambali da suka tsinta a bakin kogin Shannon. Kaf hujjarsu biyu ce. Ya ajiye takalmansa a jere, wai haka masu faɗawa ruwa da gangan suke yi, sannan Kadri abokin zamansa ya shaida musu cewa ya daɗe cikin damuwa. Ga ɗan sandan da ladabi a waya, amma kansa ba ya ja.

Yaya, safa tana cikin takalman, hula a kansu, agogo a cikin hular. Likitan da ya duba gawar ya rubuta cewa hannun rigarsa a naɗe yake har gwiwar hannu. Shekara nawa muka yi muna ganin wannan jerin a bakin famfon gidanmu na Gwammaja? Haka Baba yake ajiye nasa, haka ya koya wa Hambali. Baturen bai sani ba, na yi masa uzuri. Amma Kadri ɗan Musulmi ne, ya ga hoton nan, ya yi gum.

Na ɗauki hutu a asibitin da nake aiki, zan je in gani da idona. Kada ki gaya wa Inna komai tukuna.

Ƙanwarki,
Zaituna

Flatbush, Brooklyn
21 ga Janairu, 2024

Yaya Halima Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Na dawo shekaranjiya, lafiya lau sai mura.

Limerick ƙaramin gari ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Na je wurin. Matakala ce ta dutse da ta gangara cikin kogi, duk gansakuka, ni kaina sai da na dafa bango. Kwana uku ina tsayuwa a nan, har na haɗu da wata tsohuwa mai yawo da kare. Da ganin hoton Hambali ta gane shi. Ta ce yakan jingine kekensa mai akwatin kai abinci, ya sauka ya wanke hannu da fuska, ya shimfiɗa 'yar darduma ya yi ibada. Ranar da abin ya faru ma ta ga keken wajen ƙarfe huɗu. A ƙasar, ƙarshen Nuwamba, lokacin magariba ke nan. Ba wanda ya tambaye ta komai.

A lissafin 'yan sanda kuwa babu keke, babu akwati.

Sai na je gaishe da Kadri. Ya tarbe ni da carbi mai tsawon igiyar shanya, yana matse ido ko ɗigon hawaye babu. Yana cikin ba ni labarin damuwar da ya ƙirƙira wa ƙanena na hango sallaya a bayan ƙofa. Shuɗiya, mai naɗewa kamar hankici. Ni na saye ta a titin 116 na Harlem, ni na ɗinka harafin sunan Hambali a gefe. A cikin akwatin abincin Hambali yake ajiye ta.

Ban ɗaga murya ba, tambayarsa kawai na yi yadda aka yi sallayar ta dawo gida. Nan take ƙaton ya zube. Ashe Hambali da sunan Kadri yake aikin kai abincin, abin da doka ta hana. Da kamfanin ya kira Kadri cewa abinci bai isa ba, ya bi sawun keken a waya, ya tarar da takalman, ya gane abin da ya faru. Bai nemi taimako ba. Ya kwashe keke da akwati ya gudu, washegari ya ba 'yan sanda labarin da zai hana su tambayar me ya kai yaron bakin kogi. Don takardar zamansa ya bar uwa tana zaton ɗanta ya kashe kansa.

Har da kama ƙafata, wai in rufa masa asiri don Allah. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba. Na janye ƙafata, na ɗauki sallayar, na wuce ofishin 'yan sanda tare da tsohuwar. Sun sake buɗe binciken. Matan Harlem kuwa ba zan ɓata yawuna a kansu ba, su ji a gari yadda suka ji na farko.

Yanzu ki je ɗakin Inna, ki zauna kusa da ita, ki karanta mata wannan a hankali. Hambali bai kashe kansa ba. Alwalar magariba yake yi santsi ya kwashe shi. Sallayarsa tana hanya, na ba ƙawata Najat da za ta zo Kano jibi ta kawo mata. In ta gama kukan, ki zuba mata tuwo.

Ki gaishe da kowa. Allah ya jiƙan Hambali.

Ƙanwarki,
Zaituna