Zuwa Ga Yaya Sanusi, Game Da Ƙarshen Mai Bargo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan saƙon nan zai same ka a duk inda Allah Ya ajiye ka. Na rubuta shi a fili ne inda kowa zai gani, don ban san inda zan aika maka ba.

Yaya, littafin ƙarshe na labarin zanen nan na Mai Bargo ya fito, kuma na karanta shi ba tare da kai ba.

Ka tuna kai ka raɗa masa sunan, don mayafin da yake tashi sama da shi. Lokacin kana koyarwa a Kebbe, duk littafin da ya fito sai ka sa a sayo daga Sakkwato, ranar Juma'a ka zo da shi Tambuwal a ƙugunka. Turancina bai kai ya kawo ba, sai ka riƙa juya mini maganarsa da bakinmu. Jarumin da ke ɗaga mota da hannu ɗaya ya faɗo daga sama yana cewa, “Ku dakata, ga ni nan tahe!” Inna har leƙowa take yi ta ga abin da ke ba ƙattai biyu dariya.

A littafi na kusa da na ƙarshe ka baro shi: ya tallabe gada har mutane suka gama tsallakewa, sannan ruwa ya tafi da shi. Na damu, kai kuwa ko a jikinka. Cewa ka yi, “Jarumi bai mutuwa sai mai zane ya gaji.” Daminar da ta biyo baya ka fita daga Kebbe a kan babur, aka tsinci babur ɗin a bakin hanya. Ba wanda ya kira mu, ba wanda ya ce ya gan ka.

Zan faɗa maka gaskiyar littafin, tunda kai ka koya mini kada in yabi abu don kawai na saye shi.

Rabinsa na farko ya fi duk na baya. Babu Mai Bargo ko a shafi ɗaya. Mai zanen ya rage launi, ya nuna garin cikin rashin jarumin. Akwai wani shafi da babu ko kalma: matar Mai Bargo tana shanya, inuwar tsuntsu ta gifta, ta ɗaga kai da sauri, sannan ta ci gaba da shanyarta. Na daɗe ban buɗe gaba ba. Haka Dije matarka take yi har yau in babur ya rage gudu a ƙofar gida.

Daga nan sai abin ya lalace. Mugun labarin ya tsaya yana zuba kamar mai tallan magani a kasuwa. Yarinyar nan mai gani ta bango, da ka ce za ta gaje shi, an manta da ita ƙaf. Zanen ma da gani an yi shi a gurguje, fuskoki duk sun koma iri ɗaya. Waɗannan duka zan iya yafewa.

Abin da na kasa yafewa shi ne dawowarsa. Kwatsam ya fito daga ruwa, ko ƙwarzane babu, bargonsa ko jiƙewa bai yi ba. Ba wanda ya tambaye shi inda ya shiga. Matar ta rungume shi, shekarun da ta yi tana jira suka tafi kamar ba a yi su ba. Sannan akwai abokinsa da ya taɓa ce mata ta haƙura ta ci gaba da rayuwarta. Shi ne mai zanen ya mayar maci amana, ya ƙanƙance masa ido, ya tsawaita masa haɓa, a ƙarshe gari ya kore shi.

Yaya, a gidanmu ni ne mutumin nan.

Shekarun da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓace sun cika. Mahaifin Dije ya zo daga Jabo, ya zauna a zaure yana ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Alƙali yana son wani daga gidan miji ya tsaya ya shaida cewa an nema ba a samu ba, don ta yi takaba ta fita. Inna ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba. “Wanda ba a ga gawatai ba, ba a yi mai makoki,” shi ke nan abin da take maimaitawa. Tun da na ce a duba lamarin, ba ta ƙara amsa gaisuwata da sunana ba.

Ita Dije ba ta roƙi kowa ba. Sau ɗaya kawai na ji ta ce da ƙanwarta, “Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.” Ta rame, Yaya. Ba ta zuwa biki don ba ta san sahun da za ta zauna ba.

Na ji haushin littafin nan ƙwarai, kuma na san dalili. So nake ya zama gaskiya. So nake in ji babur ya tsaya, ka shigo kana yi mini tsiya a kan tumbin da na ajiye. Amma mai zane yana da ikon tsayar wa mace shekarunta har mijinta ya dawo, ni kuwa ina kallon na Dije suna tafiya.

Ranar Litinin zan je gaban alƙali. Tsoro nake ji, kuma ban tabbata daidai nake yi ba. In Allah Ya sa kana raye ka dawo ka tarar ta tafi, kada ka ga laifinta, kada ka ga na mahaifinta. Ni na tsaya, ni na yi magana. Ka zo ka same ni.

Ban san addu'ar da ta dace da kai ba, don haka kullum biyu nake yi. In kana da rai, Allah Ya tsare ka, Ya buɗe maka hanyar gida. In ka riga mu, Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka ko da ba mu san inda yake ba. Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya ba Dije mafita ta alheri, ni kuma Ya sa ka yafe mini.

Ƙanenka,
Murtala
Tambuwal