Kaina na Yumɓu da Hannun Malam Audu

Zuwa ga ƙanena Sani a Ikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zafin gari? Ya Hajara da yara? Mu nan Tambuwal lafiya lau, in ka cire goshina.

Ɗanka Bello na wajena shina koyon ginin yumɓu a sakandare wajen Malam Audu. Don jarrabawarsa ya gina kaina, har da kunnuwan nan namu na gado. Ranar da za a gasa shi ina kwance da zazzaɓi, sai ga kawunnan Bello daga Kebbe sun zo dubiya. Sunka biya makaranta neman yaron, sunka iske malam na tura kaina cikin wuta. Babbansu Dikko ya ce, "Ga mai yi wa mijin ƙanwarmu sammu!"

Sani, sanduna sunka sauka. Sun karya wa malam hannun dama, jini har bisa bango, sun ragargaza aikin yara kaf. Da labari ya iske ni, na iso da gudu ba hula, ina ihu, "Ga na gaskiyar nan bisa wuyana!" Dikko ya juyo, gora ta same ni a goshi. Kai biyu anka fasa mani rana guda, kuma ba wanda anka samu boko a ciki.

Malam na kwance a zaurena, mai ɗori na zuwa. Malam bai sani ba ko yatsun za su sake murza yumɓu. Jiya da hagu ya nuna wa Bello yadda zai sake wani, ni kuwa anka zaunar da ni bisa turmi, wai kada in motsa.

Ku sa shi a addu'a, hannun nan shi ne abincinsa. A gaida Hajara da maƙwabta.

Yayanka,
Umaru