Kamshaf Biyu a Gaban Maƙeri

Sabon Birni,
9 ga Nuwamba, 1952.

Zuwa ga Yaya Sodangi, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Maijidda da yara. Allah shi ƙara maka lafiya, shi tsare ka a ƙasar mutane, shi sa albarka ga fataucin goro. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita barka da ta'aziyya. Gero ya yi kyau a gonar Tozai, gyaɗa kuma an gama ɓara tana jiran mota. Khadijatu ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan Baba.

To Yaya, maganar motarka ce ta sa na zauna rubutu, kuma ka yi haƙuri da ni, raina ba daɗi. Shekara shida ke nan da ka sayo ta gwanjon soja ka damƙa mini tuƙinta, ban taɓa kwantar da ita a hanya ba. Tun ƙarshen damina ta fara tari, ta daina jan kaya. Na sauke injin a bayan gidan Kawu Na'Allah, na iske kamshaf ya cinye. In ka manta, shi ne sandar ƙarfen nan mai doro-doro da ke tura bawul su buɗe su rufe. Doro biyu sun sule sumul kamar bakin tsohuwar taɓarya. Na tafi Ƙaura, na kwana uku ina yawo, har na samu matacciyar mota irin taka sak. Da hannuna na ciro nata, na auna shi da zare doro bayan doro, ya yi daidai da na asali.

Ina dawowa na tarar Jibrilla na Kawu ya iso daga Maraɗi. Shekara uku kacal ya yi a garejin wani Bafaranshe, amma yanzu mota ba mota ba ce a bakinsa, kamyo ce. Ashe Kawu ya aika masa da labari ban sani ba. Jibrilla ya zo da nasa kamshaf a naɗe cikin takardar mai, shina ƙyalli. Na aza zarena, na ga dororinsa sun ɗara na asali da kamar kaurin farce. Na ce wanga bai dace ba, bawul za su daki fistan, a yi asarar injin gaba ɗaya. Ya yi dariya a gaban mutane, ya ce wai tsawon ne zai sa ta shaƙi iska sosai, wai shekara shida ina shaƙe mata wuya kamar mai jan jaki. Ka san taubashi ne. In na ɓata rai ni za a yi wa dariya, a ce ban san wasa ba. Na yi yaƙe kawai.

Kawu, da ka bar wa wakilcin motar, ya ce ba ya son a ce ya bi bayan ɗansa, don haka ba shi zai zaɓa ba. Ka san wa ya kai wa shari'ar? Ɗanmusa maƙeri, wanda bai taɓa leƙa cikin injin ba tun da anka haife shi. Ya rataye kowane da igiya, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kara kunne, yadda yake gwada ƙarfen garma. Nawa ya yi ƙara ya yi shiru. Na Jibrilla ya daɗe shina amo. Shi ke nan, an yanke, na Jibrilla za a ɗaura. Na ce Kawu, amo ba ya faɗin tsawon doro. Ya ce Ɗanmusa na tare da ƙarfe tun ban san hannun damana ba. Kuma ni ɗin dai na ɗaura kamshaf ɗin, ni na daidaita taimin, wato lokacin buɗewar bawul, don Jibrilla bai san alamomin injin Ingila ba. Shi yana tsaye hannu a aljihu shina ba mutane labarin Maraɗi.

Ranar kasuwar Isa munka fita gwaji da cikakken lodi. Kawu ya ce mai ƙarfe shi tuƙa, in ta fashe a hannunsa ta fashe. Na amince da sauri, har Kawu ya yaba mini. Da munka kai mashigin gulbi na sauka na tsaya a gaɓa. Ka san yashin nan, inda kullum sai an shimfiɗa zana mutane sun tura. Yaya, abin da za ni faɗa maka ban faɗa wa kowa ba. Ina tsaye a wurin ina roƙon Allah a zuciyata ta fashe. Motarka, abincin gidanmu duka, ni ina fatan in ji ƙarar bawul ya daki fistan. Ba ta fashe ba. Ta ratsa yashin da giya biyu, ba zana ba turi, ta hau gaɓar can tana gurnani irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Mutanen Kamarawa da ke jiran a kira su turi sunka bi ta da gudu suna kiran sunan Jibrilla. Ni na bi su a ƙasa, takalmi a hannu.

Na yi istigfari, amma kishin bai tafi ba, ba za ni yi maka ƙarya ba. Ko matata Larai da na dawo gida cewa ta yi ta ji kukan motar ya canza, ya yi daɗi. Ban ci tuwonta ba ranar. Yanzu Kawu ya ce Jibrilla zai kai lodin farko Ƙaura ranar Alhamis, ni in huta kafin a ji ta bakinka. Mi na yi da za ni huta? Na san ƙarfensa ya fi nawa, na gani da idona. Amma bai san inda take zafi a hanyar Shinkafi ba, bai san birkinta na ja hagu ba, kuma bai tambaye ni ba.

Mota taka ce, abin da ka yanke shi za a yi. Ina roƙon ka bar ta a hannuna. In kuwa ka ga shi ya fi cancanta, to don girman Allah ka rubuto mini ni kaɗai tukuna, kafin ka rubuta wa Kawu. In ji a takardarka, in shiga ɗaki in gama abin da za ni yi, in fito in miƙa masa makulli da kaina. Kada in ji a bakinsa a tasha, shina dariya, ni ma dole in yi.

Inna na gaishe ka, ta ce ka tuna da zanen da ka yi mata alkawari. Adda Fadima da Khadijatu da Larai duk suna gaisuwa. Ka gai da Maijidda, da Habi, da Yero in kun haɗu a zango. Jibrilla ma ya ga ina rubutu ya ce in gaishe ka. To, ga shi na faɗa.

Ni ne ƙanenka,
Attahiru.