Taken Marigayi Bappa

Kahu, Kibiya.

Zuwa ga aminina Malam Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Rano. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Ka tuna da damina ka turo min ɗanka Adnan da kwamfutarsa, wai zai ɗauki gangar noma don tarihi. Ɗanka ɗana ne, ban ɓoye masa komai ba. Da muka gama ya nace sai na kaɗa masa taken marigayi Sarkin Noma Bappa. Kai ka sani, a gidanmu in mai take ya mutu, takensa ya bi shi, ba a ƙara kaɗawa. Na faɗa masa haka. Ya rantse min da Allah ajiyewa kawai zai yi, kunnen kowa ba zai ji ba.

Ashe ungulu na bai wa ajiyar nama! Yaron nan ya yanko taken, ya sa shi yana ta maimaita kansa, ya ɗora fiyano da muryar wata yarinya, ya saki waƙa. Ko sunana babu, kuma wallahi ba wannan ne ya dame ni ba.

A bikin da aka yi a Nariya mai DJ ya saka ta. Hajiya Zainaba, matar marigayin, tana cikin mata. An ce zumbur ta miƙe tana duban ƙofa, don a da in ta ji taken nan to mijinta ne ya dawo daga gayya. Yara na rawa, ita tana tsaye, abin ya ƙi ƙarewa. Sai riƙe ta aka yi zuwa gida.

Yanzu 'ya'yanta sun ce na sayar da ubansu, ba ni ba kiɗan gayyarsu, sauran gari ma sun bi. Raina ya ɓaci, Ishiyaku. Don kai na yarda da shi.

Na je wajen Hajiya ban haƙuri. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Roƙona ta yi in sa a daina kiransa, tunda ba zai amsa ba. Ni hannuna na san yadda ake tsayarwa. Wannan kuwa yana cikin wayar kowane ɗan acaɓa. Ka tambayar min ɗanka, ta ina ake kashe shi?

Ka gaida mai ɗakinka Jumai. Allah ya bar zumunci, in da sauransa.

Naka,
Gwadabe Makaɗi